Ɗigon Jinin da Ke Tona Asirin Alkama: Gwajin Cutar Siliyak a Jikin Yara

 

A ƙarshen shekarun 1990 wasu likitocin yara daga ƙasar Italiya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Carlo Catassi na birnin Ankona, suka isa sansanonin 'yan gudun hijirar Sahrawi da ke kusa da Tinduf, a kudu maso yammacin Aljeriya. Yaran sansanin sun daɗe suna fama da zawo da kumburin ciki da tsumburewa, kuma kowa ya ɗauka abin da ya saba kama ɗan gudun hijira ne: yunwa, gurɓataccen ruwa, tsutsar ciki. Likitocin suka ɗebi jinin yara 989 suka auna. Sakamakon da aka buga a mujallar Lancet a 1999 ya girgiza masana: kashi 5.6 cikin ɗari na yaran suna ɗauke da alamar cutar siliyak a jininsu, wato kusan yaro ɗaya cikin kowane goma sha takwas. Wannan ya ninka abin da aka sani a Turai wajen sau biyar, ga shi kuwa a lokacin littattafan likitanci suna koyar da cewa cutar ta Turawa ce.

Dalili biyu aka gano. Sahrawi suna da yawan gadon wasu ƙwayoyin halitta da ke buɗe wa cutar ƙofa. Sannan cimarsu ta sauya. Kakanninsu makiyaya ne masu rayuwa a kan nonon raƙumi da nama da dabino da hatsi kaɗan, amma tun da yaƙi ya koro su a tsakiyar shekarun 1970, garin alkama na agaji ya zama babban abincin sansanin, safe da yamma. Burodin da aka kawo don ceton rai shi ne ke cin hanjin wasu daga cikin yaran a ɓoye. Ba don an auna jini ba, da har yau ana zargin ruwan rijiya kaɗai.

Cutar siliyak rikici ce tsakanin garkuwar jiki da wani sinadari mai suna gulutin, wanda ke cikin alkama da sha'ir da wani ɗan'uwansu da ake nomawa a ƙasashen sanyi, mai suna rayi. Duk wadda ta taɓa kwaɓa fulawa ta san gulutin ko ba ta san sunansa ba, don shi ne ke sa kwaɓin ya yi danƙo yana miƙewa kamar roba. Cikin ƙaramin hanjin ɗan Adam a lulluɓe yake da 'yan tsirarraki ƙanana, kamar gashin sabon tawul, kuma su ne ke tsotse amfanin abinci su kai shi cikin jini. A jikin mai siliyak, duk lokacin da gulutin ya iso, garkuwar jiki sai ta tashi da faɗa, ta auka wa bangon hanjin kansa. Yau da gobe tsirarrakin su lafe, hanjin ya koma sumul kamar tsohon tawul da wanki ya cinye. Yaro yana ci yana ƙoshi, amma abincin wucewa kawai yake yi.

Ganin cutar ba sabon abu ba ne. Wani likitan Girka, Aretayus na Kafadokiya, ya siffanta ta kusan shekara dubu biyu da suka wuce, kuma daga kalmar da ya yi amfani da ita mai nufin ciki aka samo sunan. A 1888 Samuel Gee na Landan ya rubuta bayaninta a jikin yara dalla-dalla, ya kuma fahimci cewa maganin yana cikin abinci, sai dai bai gano wane abinci ba. Wanda ya kama ɓarawon shi ne Willem Dicke, likitan yara a ƙasar Holan. Tun shekarun 1930 yake zargin alkama. Sai ga yunwar hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin da yaƙi ya yanke burodi daga yammacin ƙasar. Mutane suna mutuwa da yunwa, amma yaran da ke kwance da wannan cuta sai suka fara murmurewa. Da aka sake samun fulawa, ciwonsu ya dawo. A 1950 Dicke ya gabatar da hujjojinsa a Jami'ar Utrecht.

Sanin mai laifi bai sauƙaƙa gano maras lafiya ba. Daga tsakiyar shekarun 1950 hanya ɗaya ce tak: a zura siririn bututu ta baki har cikin hanji, a tsakuro ɗan nama a duba a madubin likita. Tsohuwar ƙa'idar likitocin Turai ma sau uku take so a yi: kafin a hana yaro alkama, bayan an hana shi, da kuma bayan an sake ba shi don a ga ko ɓarnar za ta dawo. Babu uwar da za ta miƙa ɗanta ga wannan sai ciwo ya kai intaha. Shi ya sa waɗanda ake ganowa su ne masu tsananin rama da ƙaton ciki kawai, aka kuma ɗauka cutar ba ta da yawa.

Gwajin jini ne ya sauya lissafin. Idan garkuwar jiki ta shiga yaƙi takan ƙera makamai na musamman da likitoci ke kira antibodi. Kamar kibau ne da aka ƙera don abokin gaba guda, kowace da tambarin wanda aka nufa da ita, kuma suna yawo a cikin jini. Wanda ya tsinci kibiyar ya san ana yaƙi, ya kuma san da wa ake yi, ko da bai je fagen fama ba. Gwaje-gwajen farko suna neman kibiyar da aka harba wa gulutin kansa, amma suna yawan kuskure. A farkon shekarun 1980 wani likitan fata ɗan ƙasar Folan, Tadeusz Chorzelski, da abokan aikinsa suka gano wata kibiyar da ta fi nuna gaskiya, wadda ake kira EMA. Matsalarta tsada da wahala, don sai ƙwararre ya zauna gaban madubi ya karanta da idonsa. A 1997 kuma masu bincike a Balin ta Jamus, Walburga Dieterich da Detlef Schuppan da tawagarsu, suka gano ainihin abin da kibiyar ke nufa: wani sinadari ne na jikin mutum kansa, wanda ake taƙaita sunansa da tTG. Daga nan aka ƙera gwajin da na'ura ke iya yi wa ɗaruruwan samfura a yini guda. Shi ne gwajin tTG-IgA da duniya ke fara yi a yau, kuma yana kama sama da kashi 90 cikin ɗari na masu cutar.

Da aka samu abin aune, sai aka shiga makarantu. A 1994 Catassi ya buga sakamakon gwajin ɗalibai 3,351 masu shekara 11 zuwa 15 a yankin Marke na Italiya, inda aka samu goma sha ɗaya da ke da cutar ba wanda ya sani. Da aka faɗaɗa binciken zuwa ɗalibai sama da dubu goma sha bakwai a sassan ƙasar, aka ga a bayan kowane yaro ɗaya da likita ya riga ya gano akwai kusan bakwai da ba a gano ba. Masanan suka kwatanta abin da dutsen ƙanƙara a teku. Bahaushe zai fi gane shi da dorina a kogi: hanci da kunnuwa kawai ake hange, gangar jikin tana ƙarƙashin ruwa.

Binciken da ya fi sosa rai shi ne na Finlan. A 1994 an ɗebi jinin 'yan makaranta 3,654 an adana. Bayan shekara bakwai, a 2001, Farfesa Markku Mäki da abokansa suka ɗauko jinin suka auna da sabon gwajin. Yara 56 ne jininsu ya nuna alama. A cikin waɗannan shekaru bakwai, goma kacal daga cikinsu ciwo ya kai su gaban likita aka gano su. Da aka kira sauran aka duba hanjin waɗanda suka yarda, aka sami ƙarin 27 da hanjinsu ya riga ya lalace. Jimilla yaro ɗaya cikin 99. A ƙasar da ke da likitoci masu sa ido da asibiti kusa da kowa, yara 27 sun yi shekara bakwai suna cin burodi kullum, shaidar ciwonsu tana ajiye a firji. A Amurka ma, a 2003, binciken Alessio Fasano ya sami ɗaya cikin 133. Da aka tattara binciken duniya a 2018, aka ga kusan kashi 1.4 cikin ɗari na mutane jininsu na nuna alama, kashi 0.7 kuma an tabbatar ta hanyar duba hanji.

Abin da ya sa take ɓuya shi ne ba ta da fuska ɗaya. Wani yaron zawo da kumburin ciki, wani kuma taurin bayan gida. Wata yarinyar ƙarancin jini ne kawai, a yi ta ba ta maganin ƙarin jini ba ya kamawa, domin sashen hanjin da ke tsotse sinadarin ƙarfe shi ne na farko da cutar ke ɓatawa. Wani gajarta ce, ƙannensa suna wuce shi. Wata balaga ce ta yi jinkiri. Akwai wanda likitan haƙori ne zai fara lura da ramuka da tabo a haƙoransa na dindindin. Da yawa kuma ba sa kukan komai, sai bayan an cire musu alkama iyaye su ce ashe dā can yaron ba shi da kuzari.

Gwajin yana da ƙa'idoji, kuma a nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Mafi girma ita ce dole yaro ya kasance yana cin alkama lokacin da aka ɗebi jininsa. Uwa mai ƙauna takan ji labarin cutar a rediyo ko a waya, ta hana ɗanta burodi da taliya, sannan bayan wata biyu ta kai shi gwaji. A lokacin yaƙi ya lafa, kibau sun ragu, sai sakamako ya fito fes alhali cutar tana nan. Kafin a gyara wannan kuskure sai an mayar da yaron kan alkama na makonni, ya sake shan wahalar da aka yi gudu. A auna tukuna, sannan a hana.

Akwai kuma yaran da jikinsu ba ya ƙera nau'in antibodi na IgA sam, ko yana ƙera kaɗan ƙwarai. Wannan ya fi yawa a cikin masu siliyak, wajen biyu zuwa uku cikin ɗari. Irin wannan yaro gwajinsa zai nuna babu komai ko da hanjinsa ya lalace. Saboda haka likitan da ya san aikinsa yakan rubuta gwaji biyu a takarda ɗaya, tTG-IgA da jimillar IgA, in ya ga ta yi ƙasa ya koma ga gwajin nau'in IgG.

Girman lambar ma yana magana. Ƙungiyar likitocin hanjin yara ta Turai, ESPGHAN, ta yanke a 2012, ta kuma sassauta a 2020, cewa idan tTG ya kai ninki goma na iyakar lafiya, sannan aka sake ɗibar jini a karo na biyu EMA ya tabbatar, ƙwararren likita zai iya yanke hukunci ba tare da zura bututu ba. Wannan rahama ce babba ga yara. Amma idan lambar ta ɗan haura kaɗan ne, ba a gaggawa. Ƙwayar cutar jiyadiya da ke shiga ta gurɓataccen ruwa tana iya ɗaga ta, kuma binciken da ya bi yara shekara da shekaru ya nuna wasu lambarsu takan hau ta sauka da kanta alhali suna ci gaba da cin alkama. Irin waɗannan sai an duba hanji ko an ci gaba da bibiya.

Gwaji ɗaya mai kyau kuma ba ya rufe magana har abada, domin cutar tana iya tasowa a kowace shekara ta rayuwa. Abin da ke kusan rufe ta shi ne gwajin gado. Kusan duk mai siliyak yana ɗauke da ɗaya daga ƙwayoyin halitta biyu, DQ2 ko DQ8. Wanda ba shi da ko ɗaya da wuya ƙwarai ya kamu. Wanda yake da su kuwa bai zama maras lafiya ba, don kashi 30 zuwa 40 na Turawa suna ɗauke da su, kuma 'yan kaɗan ne daga ciki, wajen uku cikin ɗari, cutar ke kamawa.

To wa za a auna? A kan wasu yara babu gardama: wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ke da cutar, inda haɗarin ya kusa kai ɗaya cikin goma, mai ciwon suga nau'i na ɗaya, irin na yara masu allurar insulin, mai lalurar Down ko ta Turner, mai ciwon maƙoƙo irin na garkuwar jiki. Waɗannan ana auna su ko ba sa kukan komai, a kuma maimaita lokaci zuwa lokaci.

Gardamar tana kan sauran yara, masu wasa a tsakar gida lafiya lau. Italiya ta zaɓi hanyarta: a Satumban 2023 majalisarta ta zartar da doka mai lamba 130, wadda ta sa ta zama ƙasa ta farko da ta tanadi gwajin siliyak da ciwon suga nau'i na ɗaya ga yaran ƙasa baki ɗaya. An fara gwada tsarin a yankuna huɗu, Lombardiya da Marke da Kamfaniya da Sardiniya, inda likitocin yara suka riƙa ɗan huda yatsan 'yan shekara biyu da shida da goma. A Amurka kuwa kwamitin da ke ba da shawara kan rigakafi ya ce a 2017 hujjar ba ta isa a ce a yi ko a bari ba, kodayake a jihar Kolorado wani shiri mai suna ASK yana auna yara kyauta tun wajen wannan lokacin. Birtaniya ma ba ta amince da auna kowa ba.

Masu ja da baya suna da hujjar da ta cancanci a saurara, kuma lissafi ne mai sauƙi. A ɗauka, don misali, an auna yara dubu goma a inda ɗaya cikin ɗari ke da cutar, wato yara ɗari. Idan gwajin yana kama 95 daga cikinsu, ya yi kyau. Amma idan yana yin kuskure a kan biyu cikin ɗari na masu lafiya, to yara kusan 200 ne za a tayar wa iyayensu da hankali ba gaira ba dalili, su fi masu cutar na gaskiya yawa har ninki biyu. Sannan maganin ba ƙwaya ba ce ta mako guda. Barin alkama ne har ƙarshen rayuwa, a gida, a makaranta, a wurin biki. Yaron da bai taɓa jin ciwo ba, da wuya ya jure wannan idan ya kai shekarun samartaka. Masu goyon baya su kuma suna nuni ga yaran nan 27 na Finlan, ga ƙashi mai rauni, ga tsawon da ba ya dawowa idan an wuce shekarun girma. Ga ƙasa kamar Italiya, inda gwamnati ke ba mai cutar tallafin sayen abinci marar gulutin duk wata, kuma kowane yaro ke da likitansa, hujjarsu ta fi nauyi. A ƙasar da ba ta da inda za ta tura yaron bayan sakamako ya fito, gwajin gama-gari zai bar iyaye ne da takarda a hannu da fargaba a zuci.

A nahiyar Afirka hoton ba iri ɗaya ba ne. Arewacinta, inda burodi da kuskus ke kan kowane faranti, binciken 'yan makaranta a Tunisiya da Libiya da Masar ya nuna yawan da ya yi kusa da na Turai. A Sudan likitocin Khartum sun ba da rahoton cutar a jikin yara tun 1978. Amma wani bincike a Burkina Faso a farkon shekarun 2000 ya auna mutum 600 bai sami ko ɗaya ba. Gado ya bambanta daga al'umma zuwa al'umma, haka ma cima.

Cimar Bahaushe kuwa tana sauyawa a kan idon kowa. Alkama ba baƙuwa ba ce: gurasa da alkaki da finkaso da alkubus da taliyar murji sun daɗe a Kano da sauran birane, ana kuma noma ta da rani a Kadawa da fadamun Haɗeja. Sai dai dā abincin sallah ce da biki da gidan masu hali. Yau yaro yana karyawa da shayi da burodi, ya tafi makaranta da biskit da cincin, ya dawo ya tarar da taliyar leda, da dare a tuƙa tuwon semo. Ɗan waken da ake yi da garin wake da rogo, a gidaje da yawa fulawa ta shige shi.

Kada wannan ya sa a ɗora wa alkama laifin da ba nata ba. Mafi yawan yaran da ke zawo da rama a ƙasar Hausa, tamowa ce da ƙazantar ruwa da tsutsar ciki da zazzaɓin cizon sauro da sikila da tarin fuka, kuma su ya kamata a fara nema. Hasali ma yawan kamuwa da cututtukan hanji yakan lafar da tsirarrakin nan har su yi kama da na mai siliyak a madubi, wanda ya sa a irin wannan wuri gwajin jini ya ƙara daraja wajen rarrabewa. Yaron da ya kamata a tuna da siliyak a kansa shi ne wanda aka yi wa duk abin da ya dace amma bai tashi ba: an kashe tsutsa, an ba da maganin ƙarin jini wata da watanni, abinci yana isarsa a gida, duk da haka awo bai motsa ba, kaka tana cewa zawon haƙori ne alhali haƙora sun daɗe da gama fitowa. Akwai alama guda da ma'aikatan cibiyoyin tamowa za su iya lura da ita. Abincin leda da ake ba yara a can gyaɗa ne da madara da suga da mai, babu alkama a ciki. Yaron da ya murmure a kansa, ya koma gida ga burodi da taliya ya sake zubewa, aka dawo da shi sau biyu sau uku, yana maimaita abin da Dicke ya gani a Holan ne, kuma ya cancanci a ɗebi jininsa. Haka duk yaron da ke zuwa asibitin masu ciwon suga yana karɓar insulin.

Idan an tabbatar, Bahaushiya ta fi Baturiya sauƙin girki. Gero da dawa da masara da shinkafa da acca da rogo da doya da dankali da wake duk ba su da gulutin. Tuwo, ban da na semo, da fura da kunun gyaɗa da ƙosai da alale da dambun shinkafa halal ne ga yaron. Haɗarin yana cikin gauraye. Ma'aunin duniya ya ce abincin da za a kira marar gulutin kada ya wuce miligiram 20 a kilo guda, wato ɗan burbushi ya isa ya ɓata. Injin niƙan unguwa da ya niƙa alkama kafin a zuba masara, man da aka soya fanke aka sake soya ƙosai a ciki, mai waina da ke ɗan barbaɗa fulawa don ƙullu ya haɗe, rariyar da ake tankaɗe komai da ita: waɗannan ne uwa za ta koyi tambaya a kansu, ta kuma koya wa kishiya da kaka da malamin makaranta.

Gwajin da ya gano cutar shi ne kuma ke bin sawunta. Bayan an cire alkama ana sake auna tTG a watanni na farko, sannan shekara-shekara. A yawancin yara lambar takan yi ta sauka har ta koma daidai cikin shekara ɗaya zuwa biyu, jini ya cika, awo ya hau, yaron ya fara kamo tsaransa a tsawo. Idan ta ƙi sauka, likita ba ya fara zargin gwajin. Yakan zaunar da uwa su bi abincin yaron ɗaya bayan ɗaya, tun daga kokon safe har zuwa abin da ake saya masa a ƙofar makaranta.